Kwas ɗin shirin jarrabawar lasisin injiniya da na biya na wata uku, ga yadda na same shi

Assalamu alaikum jama'a. Ƙanwata ce ta sa ni zaman rubuta wannan, tana shekarar ƙarshe a digirin injiniyancin kayan asibiti a nan Amurka, ran nan da daddare ta kira ni take cewa "Yaya, wannan kwas ɗin na intanet da ka yi, in biya ko in haƙura? Kuma wai da gaske ne sai da lasisi ake ɗaukar mutum aiki?" Na fara ba ta amsa a waya sai naga maganar ta fi ƙarfin minti biyar, kuma nasan ba ita kaɗai ke da wannan tambayar ba, duk wanda ya karanta wannan fannin sai ya tsinci kansa a nan wata rana, shi yasa nace bari in zauna in rubuta komai yadda na gani. Ba zan kama sunan kamfanin ba saboda akwai wuraren da zan yi ƙorafi sosai, kuma dama irin waɗannan kwasa-kwasan duk tsarinsu kusan ɗaya ne, in ka gane ɗaya ka gane sauran.

Ni dai aikina duba na'urorin asibiti ne da gyaransu, injin ƙarin ruwa, na'urar numfashi, monita ta gefen gado, injin ECG mai zana bugun zuciya a takarda, su nake yini a kai. Ina da digirin injiniya amma na daɗe ban taɓa lissafin makaranta ba, to da na yanke shawarar zama jarrabawar FE, wato jarrabawar farko a hanyar samun lasisin injiniya, sai na nemi mai tuna min. Kwas ɗin kashi uku ne. Akwai bidiyoyi da tambayoyin gwaji na jarrabawar, shi ne mafi yawa, akwai wani ɗan sashe da ke bayanin hanyar samun lasisi, sai kuma jerin bidiyo kan magabatan fannin, mutanen da suka fara ƙera waɗannan na'urorin. Wannan na ƙarshen kamar gyara suka sa shi, ni ma da farko niyyata in tsallake shi, amma daga baya shi ne ya fi zama min a rai, kuma a cikinsa ne na fi samun saɓani da malamin.

Ga wanda bai san tsarin ba, a Amurka ba gwamnatin tarayya ke ba injiniya lasisi ba, kowace jiha da hukumarta. Jarrabawar ce kawai iri ɗaya, wata ƙungiya NCEES ke shirya ta. Hanyar da aka fi bi ita ce ka yi digiri a shirin da ABET, ƙungiyar da ke tantance karatun injiniya a jami'o'i, ta amince da shi, ka ci FE, ka yi aiki kamar shekara 4 yawanci a ƙarƙashin mai lasisi, sannan ka ci jarrabawar PE, daga nan ne kake da ikon buga hatiminka a kan zane ka ce ni na ɗauki alhakin wannan. In digirinka daga wata ƙasa ne akwai sashen NCEES da ke auna takardunka ya ga ko sun yi daidai da nasu. Malamin ya yi bayanin asalin abin da kyau gaskiya. Jihar Wyoming ce ta fara a 1907, dalili kuwa mutanen da ba su san aikin ba ne ke zana taswirar neman haƙƙin ruwan noma suna kai wa gwamnati. Kalifoniya ta kafa tata dokar a 1929 bayan madatsar ruwan St. Francis ta fashe a 1928 ta kashe mutum sama da 400, Texas kuma a 1937 bayan gas ya tashi da wata makaranta a garin New London, kusan mutum 300 suka rasu galibinsu yara. Montana ce ta zo ƙarshe a 1947. Da naji wannan sai takardar ta daina zama min kamar wani shinge da aka kafa don a wahalar da mutane, wasu dokokin nan sai da aka yi jana'iza kafin aka rubuta su.

To ɓangaren shirin jarrabawar, nan kam sun ci kuɗinsu, ba ni da ta cewa. FE tambaya 110 ce a kwamfuta, awa 5 da minti 20 na amsawa, da hutun minti 25 a tsakiya, ka lissafa za ka ga ƙasa da minti uku kake da shi a kowace tambaya. Ba a shiga da littafi, amma suna sa maka kundin NCEES na fomuloli a gefen allo, kuma shi wannan kundin kyauta ne kowa na iya saukewa tun kafin ranar. Babban abin da malamin ya koya min shi ne ba haddar fomula ake yi ba, sanin inda take a kundin ake yi, duk tambayar da ya warware sai ya buɗe kundin a gabanka ya rubuta kalmar da zai nema ya nuna maka inda ta fito, tun abin yana isata har ya zama min jiki. Haka kalkuleta, ba kowacce ake bari ba, akwai wasu 'yan samfura na Casio da HP da Texas Instruments da aka yarda da su, ni TI-36X na saya, ya ware bidiyo guda kan yadda za ka sa ta warware maka lissafin da da hannu zai ci maka minti biyar. Ranar jarrabawa bayan an duba katina an sa na zuba komai a loka, aka miƙo min wani ɗan littafi mai santsi da alƙalamin maka na yin lissafi, na zauna, tambaya ta farko ta fito, hannuna da kansa ya tafi akwatin bincike na kundin ban ko tsaya tunani ba, a nan na san wata ukun nan ba su tafi a banza ba. Sakamako ya fito bayan kamar sati ɗaya, ba sa ba da maki, ci ko faɗuwa kawai suke rubutawa, alhamdulillahi na ci.

Ɓangaren ilimin ruwa da na zafi ya fi kowanne kyau a wurina, na lantarki kuma ya yi gaggawa da yawa kamar yana so ya gama ya tashi, wanda bai da tushe a lantarki zai sha wuya a nan.

Ƙananan matsaloli akwai su. Wasu tambayoyin gwajin an rubuta su ne da tsohon bugun kundin, sai a ce duba shafi kaza ka je ka tarar da wani abu daban, na rubuta musu sau biyu sai bayan kwana tara wani ya amso da cewa za a duba, har na gama ba a gyara ba. Rubutun da ke bin bidiyo a ƙasa na'ura ce ta yi shi, sunayen mutane duk a karkace. Sai wanda ya fi ci min rai, rajistar tana sabunta kanta, na gama jarrabawa na manta sai ganin an cire min kuɗin wata na huɗu nayi, sun dawo da shi amma sai da na yi ta bibiya. Dan Allah duk wanda zai shiga ya kashe wannan tun ranar farko.

Amma babban ƙorafina ba waɗannan ba ne. A tallarsu sun nuna kamar duk injiniyan kayan asibiti da bai da PE aikinsa ba zai je ko'ina ba, kuma wannan ba gaskiya ba ce, shi ne ma ya tsorata ƙanwata. FE kala bakwai ce, akwai ta masu gine-gine, ta lantarki da kwamfuta, ta injina, ta sinadarai, ta muhalli, ta masana'antu, sai ta bakwai da aka tara sauran fannoni a ciki, babu ta kayan asibiti, ni ta bakwai ɗin na zauna. A matakin PE ma babu jarrabawar da aka ware wa fanninmu, sai dai ka bi ta lantarki ko injina ko sinadarai ko tsarin sarrafa na'ura, wato dole ka koma ka zama gwani a wani fanni na kusa. Kuma a yawancin jihohi doka ta ɗauke wa injiniyan da ke aiki a cikin kamfani yana ƙera kayan kamfanin wajibcin lasisi, shi yasa za ka shiga babban kamfanin na'urorin asibiti ka tarar da injiniyoyi cike da ofis masu PE 'yan tsiraru ne. A wannan fannin ba mutum ake tantancewa ba, na'urar ake tantancewa. Hukumar FDA, mai kula da magunguna da na'urorin lafiya a Amurka, ta kasa na'urori aji uku gwargwadon haɗarinsu, masu matsakaicin haɗari yawanci ta hanyar 510(k) suke bi, wato ka nuna naka daidai yake da wani da ke kasuwa tuntuni, masu haɗari sosai irin na'urar da ake dasawa a zuciya kuma sai an kawo hujjar gwaji a kan mutane kafin a bari a sayar. Wanda ya san wannan tsarin, ya san ƙa'idar IEC 60601 ta tsaron lantarki da ISO 13485 ta ingancin aiki, shi kamfani ke nema. Masu aiki cikin asibiti irina kuma satifiket ɗin da ake tambaya shi ne CBET na ƙungiyar AAMI, ko CCE ga injiniyoyin asibiti wanda shi har da jarrabawar baki ake yi bayan ta rubutu. Waɗannan ba lasisin gwamnati ba ne amma su ake gani a tallar aiki. Duk wannan bayanin minti nawa kwas ɗin ya ba shi? Bai kai goma ba, kuma can ƙarshe aka ɓoye shi bayan ka riga ka biya. PE na da amfani fa, kar a fahimce ni ba daidai ba, in za ka buɗe ofishin ba da shawara da sunan injiniya, ko za ka sa hannu a zanen wutar asibiti ko bututun iskar oksijin, ko za ka riƙa ba da shaida a kotu a matsayin gwani, to kana buƙatarsa ko zai ƙara maka nauyi sosai. Abin da nake so su faɗa wa yara kenan tun a shafin farko.

Yanzu maganar magabata. Wallahi malamin ya iya ba da labari, da hotuna na asali, har ka manta kwas kake yi. Ya fara da Willem Einthoven na Holan wanda ya haɗa injin ECG na farko mai aiki sosai a farkon shekarun 1900, injin da nauyinsa ya kai kilo 270 sai mutum biyar sun taru a kansa, mara lafiya kuma ya zauna ya tsoma hannuwa da ƙafa ɗaya a bokitan ruwan gishiri, ya samu kyautar Nobel a 1924, kuma haruffan P, Q, R, S, T da muke gani a takardar ECG har yau nasa ne. Ni da nake ɗaukar injin ECG da hannu ɗaya kullum sai da na tsaya na kalli hoton da kyau.

Na Willem Kolff ne ya fi taɓa ni. Likita ne shi ma ɗan Holan, a wani ƙaramin asibiti a garin Kampen lokacin da sojojin Jamus ke mamaye da ƙasar, ba kayan aiki ba komai, ya haɗa injin wankin ƙoda a 1943 da ganga mai juyawa da aka naɗe da irin ledar da ake ɗura tsiren Turawa a ciki, jini na bi ta cikin ledar ganga na juyawa a cikin ruwan wanki datti na fita. Mutum fiye da goma na farko da ya sa wa injin kusan duk sun rasu. Sai a 1945 wata mata mai shekara 67 ta farfaɗo ta rayu. Bayan yaƙi bai riƙe abin don ya yi kuɗi ba, injinan ya aika wa asibitoci a wasu ƙasashe kyauta. Duk mai ɗan uwa da ke zuwa wankin ƙoda sau uku a sati ya san me wannan mutumin ya bar wa duniya.

Sai na'urar daidaita bugun zuciya, nan labari uku ne a haɗe. Earl Bakken injiniyan lantarki ne, shi da surukinsa Palmer Hermundslie suka buɗe kamfanin Medtronic a 1949 a cikin gareji a Minneapolis, kuma farkon aikinsu gyaran kayan asibiti ne, irin aikina sak. A lokacin likitan tiyatar zuciya Walton Lillehei yana yi wa yara aiki, wasu bayan tiyata zuciyarsu sai an taimaka mata da na'ura, na'urar kuma katuwa ce a soket ake jona ta. Ranar 31 ga Oktoba 1957 wuta ta ɗauke a garin, Lillehei ya ce wa Bakken ya samo masa mai batir. Bakken ya tuna da zanen wata na'urar ƙidaya kiɗa mai tiransisto da ya gani a mujallar Popular Electronics, ya juya ta, cikin kamar sati huɗu ya kawo ɗan akwati da za a iya ratayawa a jiki, aka gwada a kan kare, washegari ya shigo asibiti ya tarar an riga an jona wa wata yarinya. A Suwidin kuma ranar 8 ga Oktoba 1958 likita Ake Senning ya dasa wa Arne Larsson na'urar da Rune Elmqvist ya haɗa, ita ce ta farko da aka sa gaba ɗaya a cikin jiki, awa uku ta yi ta tsaya aka sa wata, mutumin nan ya rayu har 2001, an canja masa na'ura sama da ashirin, ya ma riga ya binne likitan da injiniyan duka. Na uku Wilson Greatbatch na Buffalo, yana haɗa na'urar naɗar sautin zuciya ya ɗauko resista da ba ita ba ya sa, sai da'irar ta fara fitar da bugu ɗaya-ɗaya kamar zuciya, daga nan shi da likita William Chardack suka kai ga wadda aka dasa wa mutane a 1960. Malamin ya kuma kawo Godfrey Hounsfield na Ingila wanda bai yi digirin jami'a ba, difloma gare shi, ya ƙera sikanin CT a kamfanin EMI, aka ɗauki mara lafiya ta farko a 1971 a asibitin Atkinson Morley, ya raba Nobel da Allan Cormack a 1979.

Duk wannan na ji daɗinsa. Inda muka rabu da malamin shi ne ƙarshen bidiyon, ya rufe da cewa ku duba, waɗannan mutanen ba wanda ya tsaya jiran izinin hukuma, da a yau ne da takardu sun kashe ƙirƙirarsu. Abin ya ba ni mamaki ƙwarai, kamfanin da ke sayar da shirin lasisi, a talla ya ce ba ka da makoma sai da takarda, a ciki kuma ya ce takarda ce ke kashe basira, to wanne yaro zai ɗauka? Kuma rabin labarin ya bayar. Kolff da Bakken sun yi aiki ne a kan mutanen da in ba a yi komai ba mutuwa za su yi a ranar ko a satin, babu wata na'urar da ta fi tasu a lokacin, kuma su da kansu suna tsaye a bakin gadon. Yau kamfani ɗaya zai fitar da na'ura dubu ɗari ta shiga jikin mutanen da injiniyan ba zai taɓa gani ba, kuskure ɗaya ya ninku sau dubu ɗari.

Da ya ba da labarin John Charnley cikakke da ɗalibai sun gane wannan da kansu. Charnley likitan ƙashi ne a asibitin Wrightington a Ingila, shi ya kafa dashen ƙugu na zamani. Malamin ya ambaci nasararsa ta 1962 kawai. Bai faɗi cewa kafin nan da robar Teflon ya yi kwaskon ƙugun ba, ya sa wa mutane kusan 300, da farko kamar an dace, cikin shekara ɗaya zuwa biyu robar ta cinye, ɓurɓushinta ya riƙa ɓata nama da ƙashi, dole ya dawo da su ɗaya bayan ɗaya yana sake aiki. Har cusa wa kansa ɓurɓushin ya yi a cinya don ya ga yadda jiki ke karɓarsa. Da ya samu robar da ta yi aiki, me ya yi? A shekarun farko ya hana a sayar wa kowane likita da ƙugun sai wanda ya zo wurinsa ya koyi yadda ake sawa, kuma ya riƙa roƙon marasa lafiyarsa su yarda a ciro ƙugun bayan sun rasu don ya duba yadda ya ci. To wannan in ba tantancewa ba mene ne? Mutumin da ya ga abin da gaggawa ta jawo shi ne ya kafa wa kansa da abokan aikinsa sharaɗi tun babu hukumar da ta tilasta masa.

Haka dokar 1976 da ta ba FDA ikon duba na'ura kafin ta shiga kasuwa, ba daga sama ta faɗo ba, ta biyo bayan ɓarnar da robar hana ɗaukar ciki ta Dalkon Shield ta yi wa mata da kuma na'urorin zuciya da suka riƙa lalacewa a jikin mutane. Sannan ga Therac-25, injin gasa cutar daji (kansa) da tsakanin 1985 da 1987 ya zuba wa mutum shida haske fiye da kima a Amurka da Kanada, wasu suka rasu, saboda an cire makullan tsaro na ƙarfe da ke cikin tsofaffin samfura aka bar wa manhaja aikin ita kaɗai, manhajar kuma tana da kuskuren da ke fitowa in mai aiki ya yi saurin gyara rubutu a allo. Wannan labarin ko sau ɗaya bai fito a kwas ɗin ba, alhali a ganina duk wanda zai taɓa na'urar asibiti ya kamata ya san shi kafin ya san sunan kowa.

Ina faɗin haka ne saboda abin da nake gani a wurin aiki. Kwanaki aka kawo min wani injin ƙarin ruwa don dubawar shekara, yana kunnuwa lafiya, allo tas, ƙararrawa na aiki, ba wanda ya kawo ƙara a kansa. Na jona shi a na'urar gwajin tsaro, juriyar wayar ƙasa, wato wayar da ke kare mutum daga jan wuta, da bai kamata ta wuce rabin om a ma'auni ba sai lambar ke tsalle tana hawa tana sauka duk lokacin da na lanƙwasa igiyar kusa da filogi. Na yanke filogin na buɗe, wayar ƙasa saura silli biyu ko uku ke riƙe da ita, sauran duk sun tsinke saboda yawan fizgar igiya daga bango. Da ido ba za ka taɓa gani ba. Mutum mai lafiya ko ya taɓa ƙila ba zai ji komai ba, amma wanda aka zura wa waya ko bututu har cikin zuciya, wutar da fatarka ba za ta ko ji ba ta isa ta rikita masa bugu, shi yasa ƙa'ida ta sa iyakar yoyon wuta a sassan da ke taɓa zuciya kai tsaye a maikro'amfiya 10 kacal. Ba basirata ce ta kama wannan ba, wani ne ya rubuta a ƙa'ida cewa a lanƙwasa igiya lokacin gwaji, ni kuma aka koya min aka jarraba ni a kai.

Akwai kuma mutum ɗaya da rashinsa a jerin ya dame ni, Takuo Aoyagi, injiniyan kamfanin Nihon Kohden na Japan wanda a farkon shekarun 1970 ya gano yadda za a auna oksijin na jini da haske ta hanyar bugun jijiya, wato ɗan abin nan da ake maƙala wa mutum a yatsa. A yau yana cikin kayan da ake buƙata a kowane ɗakin tiyata. Kuma labarinsa bai ƙare ba, a 2020 masu bincike a Jami'ar Michigan suka wallafa cewa na'urar ta fi ɓoye ƙarancin oksijin a jikin baƙar fata, kusan ninki uku idan aka kwatanta da farar fata, wato allo na nuna lafiya lau alhali jinin ya yi ƙasa. Wannan ya shafe ni ya shafi iyalina kai tsaye. Na'urorin nan duk sun bi ta hannun hukuma sun wuce, matsalar tana wurin su waye aka gwada a kansu kuma su nawa ne. Kenan ita ma ƙa'idar tana da giɓi kuma injiniyoyi ne za su cike shi, da na so malamin ya nuna wa masu tasowa cewa ga aiki nan yana jiransu. Haka Mary Gibbon, malamin ya yi maganar injin zuciya da huhu na John Gibbon da aka yi nasarar tiyata da shi a 1953 bai ko ambaci matarsa ba, alhali shekaru suka yi tare a ɗakin gwaji suna haɗa shi.

In da maki zan bayar, shirin FE huɗu da rabi cikin biyar, bayanin lasisi biyu, tarihin kuma uku da rabi, don ba da labarin ya yi kyau sai dai an yanke shi a inda bai kamata ba. Abin da na ce wa ƙanwata shi ne ta zauna FE yanzu tun lissafin na kanta, don in ta bari ya huce sai ta sha irin wahalar da na sha, kuma ita da take makaranta wata ɗaya na kwas ɗin ya ishe ta, ta haɗa da kundin NCEES na kyauta da jarrabawar gwajin da su NCEES ɗin suke sayarwa. Maganar PE kuma ta ajiye sai ta ga inda aiki ya kai ta, in kamfani ne ta sa ƙarfinta a dokokin FDA da 60601, in asibiti ne ta nemi CBET ko CCE idan shekarun aikinta sun kai. Ta ce to Yaya bidiyon magabatan fa, in kalla? Nace ki kalla duka, amma ki nemi labarin Charnley da na Therac-25 ki karanta a gefe. Ta yi rajista ranar Asabar, na tsaya a waya sai da ta kashe sabuntawar nan tukun muka yi sallama.